Abin da nake sa wa kwamfuta ta hannu kafin ta bar shagona

Ran Laraba ƙanen matata ya iso shagona daga Argungu da kwamfutar tebur a cikin buhun shinkafa, ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi daga tasha ya rungume allon a gaba kamar jinjiri. Malamin firamare ne, kwasar adashinsa ta zo, ya je Sakkwato ya sayo ta hannu, wato wadda wani ya taɓa amfani da ita. Ko zama bai yi ba ya ce, "Yaya, ga ta nan. Duk abin da ke cikin taku a juye mini, a cika ta maƙil." Na ce masa, "Kai malamin ƙauye, rumbu ka sayo ko kwamfuta?" Akwai wasa tsakaninmu, don haka dariya kawai ya yi ya ja benci.

Shekara goma sha uku ke nan ina buga wa mutane takardu a Birnin Kebbi, ba nisa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru. Furojet ɗin ɗalibai, takardar neman aiki, katin biki, yarjejeniyar sayen fili, duk sun bi ta hannuna. Manhajojin da nake taɓawa a kullum ba su wuce goma sha biyu ba, kuma kowace sai da ta amsa tambaya uku kafin ta samu wurin zama. Tana aiki ba tare da intanet ba? Tsohuwar kwamfuta za ta iya ɗaukar ta? Masu ita da bakinsu suka ce kyauta ce, ko fasa ta aka yi? Wanda ke zaune inda wuta ba ta ƙiftawa, data kuma kamar ruwan gulbi, ba ruwansa da waɗannan tambayoyi. Mu a nan su ne farko. Ga yadda na yi da kwamfutar surukin nawa, kuma haka nake yi da kowace.

Ban sa mata komai ba sai da na kwance murfinta. Ƙurar da ke kan fankarta ta isa a shuka gero. Na fitar da ita waje na hure ta da abin hura iska, na riƙe fankar da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da kima. Wanda ya san zafin Birnin Kebbi daga Maris zuwa Mayu, lokacin da awo ke haura digiri 40, ya san kwamfutar da ƙura ta toshe wa hanci kashe kanta za ta riƙa yi ana tsakiyar aiki. Sai na kunna ta, na buɗe wata 'yar manhaja da nake yawo da ita a filashi, CrystalDiskInfo. Aikinta ɗaya ne, ta faɗa maka lafiyar faifan da ke riƙe da ajiyarka. In ka ga shuɗi an rubuta Good, sai godiya. In rawaya ne da Caution, faifan ya fara ciwo. In ja ne, kwashe kayanka yau. Tana kuma nuna awa nawa faifan ya yi a kunne tun da aka ƙera shi, a wurin da aka rubuta Power On Hours. Na surukina rawaya ya nuna, ga awoyi sun haura dubu 30, alhali mai shagon ya rantse masa cewa a ofis aka ɗan taɓa ta. Na sa shi ya ciro kuɗi muka sayi faifai irin na SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa a ciki. Babu wani gyara da ke tashin tsohuwar kwamfuta kamar wannan canji. Wadda ke cin minti uku kafin ta buɗe ido sai ka ga ta tashi kafin ka gama gyara zama.

A duba kuma wace Windows ce a kai. Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 7 a Janairun 2020, ga Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 tana neman ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, aƙalla gigabait 4 da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda yawancin tsofaffin na'urori ba su da shi. In za ka sayi ta hannu yanzu, tambayi wannan kafin ka tambayi kuɗi.

Abu na biyu shi ne wuta, kuma a nan ne na taɓa shan kunyar da har yau ba ta sake ni ba. Wata ɗaliba ta kawo babi na huɗu na furojet ɗinta, shafi ashirin da wani abu, duk tebur-tebur na lissafi, rubutun hannu. Yarona ya zauna tun hantsi yana bugawa, bai adana ko sau ɗaya ba, har bayan la'asar aka ɗauke wuta. Kafin a tada janareta komai ya tafi. Da ta dawo da magariba ta tarar muna zuru-zuru, sai ta ce, "Oga, mi ya hwaru? Gobe da sahe za ni kai ma malam hwa." Ni na kwana a shagon ina sake bugawa, kuma ban karɓi ko kwabo ba. Laifina ne, don ban taɓa zaunar da yaron na nuna masa ba.

Tun daga ranar, kafin a buga harafi ɗaya, sai an ba takardar suna an adana ta, sannan Ctrl da S bayan kowane sakin layi, har ya zama jiki kamar bismillah kafin cin abinci. Sannan a rage tazarar ajiyar da manhajar ke yi da kanta. A Word ka shiga File, ka gangara Options, ka zaɓi Save, za ka ga an sa minti 10, mai da shi 2. A LibreOffice kuma Tools ne, sai Options, sai Load/Save, sai General. In tsautsayi ya riga ya faɗa, kafin ka ɗora hannu a ka, buɗe Word ka shiga File, Info, Manage Document, ka latsa Recover Unsaved Documents. Sau da yawa ana samun wani abu. Kuma mai kwamfutar tebur ya sayi UPS, akwatin batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, ko da ƙarami ne. Ba don ya ci gaba da aiki ba, don dai ya samu 'yan mintunan da zai adana ya kashe ta cikin mutunci.

Na ambaci LibreOffice. Ita na sa wa surukina, domin ba shi da kuɗin lasisin Microsoft Office, ni kuma na daina ɗora wa mutane fasasshiyar manhaja. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata dare ya fasa manhaja ya watsa ta kyauta, ya kuma ce sai ka kashe manhajar da ke gadin kwamfutarka daga cuta kafin ta shiga, akwai abin da yake nema a gidanka. LibreOffice kuwa wata gidauniya ce mai suna The Document Foundation ke kula da ita tun 2010, kyauta ce ga mai gida da mai shago. Writer na rubutu, Calc na lissafi, Impress na nuna darasi a bango. Gyara ɗaya take buƙata a ranar farko. Ita da kanta tana adana takarda da wutsiyar odt, mutanenmu kuwa docx suka sani. A wancan shafi na General, inda aka rubuta Always save as, zaɓi Word mai docx. Ba zan ɓoye ba, takarda mai tebura da yawa da aka tsara a Word takan ɗan goce in an buɗe ta a Writer, layi ya tsallaka wani shafi. Maganin wannan shi ne duk abin da ka gama, za ka kai a buga ko ka tura wa wani, fitar da shi a PDF. Yadda ka bar shi haka zai isa.

Inda muka fi daɗewa da shi, haruffan Hausa ne, don jarrabawar 'yan aji huɗu yake son ya riƙa bugawa, kuma ya gaji da bin takarda da biro yana yi wa k da d da b lanƙwasa bayan an buga. Ba ƙaramin abu ba ne. Malamin da ya rubuta wa yara kafa yana nufin ƙafa, ko dauka a maimakon ɗauka, ko bari a wurin ɓari, shi ya koya musu kuskuren. A da akwai wasu nau'o'in rubutu da ake ɗora wa kwamfuta, su mai da wasu maɓallai su zama ƙ da ɗ. Suna yi a kan kwamfutarka, amma da zarar takardar ta je inda babu su, sai ka ga alamomi barkatai a tsakiyar kalma. Na sha karɓar irin waɗannan takardu ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ba a buƙatar wannan wahala. Windows na da madannan Hausa a cikinta. Shiga Settings, sai Time & language, sai wurin harshe, ka latsa Add a language, ka rubuta Hausa ka ƙara ta. Daga nan maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara shi ke sauya ka tsakanin Turanci da Hausa. In kana kan Hausa, riƙe Alt na hannun dama ka danna k, ƙ za ta fito. Haka d, haka b. In babban baƙi kake so, haɗa da Shift. Har ƴ mai lanƙwasa tana nan a kan y, wadda mu a Najeriya muke rubuta ta 'y, amma mutanen Nijar da ke shigo mana ta Kamba ita suke so a takardunsu.

In ka samu kanka a kwamfutar wani, ba ka son taɓa masa saiti, akwai wata hanya a cikin Word da Writer. Rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, lambar za ta rikiɗe ta zama ƙ. Ta ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuma 0253. Manyansu 0198 da 018A da 0181. Alamar naira 20A6 ce. Ni a jikin bango na manna su kusa da kalanda. A tabbatar kuma nau'in rubutun da aka zaɓa yana da waɗannan haruffa. Times New Roman da Arial suna da su. In ka ga ƙ ta fito ta bambanta da 'yan'uwanta, ta fi su kauri ko ta ɗan karkace, to nau'in ba shi da ita, aro manhajar ta yi daga wani.

Sauran abu biyu masu ban haushi ga mai buga Hausa. Na farko, jan layin da ke bin ƙarƙashin kowace kalma, har shafi ya koma kamar an yanka kaza a kai. Zaɓi rubutun duka da Ctrl da A, shiga Review, Language, Set Proofing Language, ka sa alama a Do not check spelling or grammar. Na biyu, in ka rubuta 'ya'ya ko 'yan, Word na ɗauka magana za ka buɗe, sai ta kifar da waƙafin saman na farko ya juya baya. Da ka ga ta juya shi, danna Ctrl da Z nan take, zai miƙe. In littafi guda za ka buga, gara ka kashe abin gaba ɗaya a AutoCorrect Options, ƙarƙashin AutoFormat As You Type, inda ake maganar smart quotes.

Sai filashi, wanda shi ne ƙofar da cuta ta fi shigowa ta nan a garin nan. Filashi ɗaya zai shiga shago biyar a yini. Cutar da ta fi yawo ita ce mai ɓoye fayiloli. Mutum zai buɗe filashinsa ya ga foldojinsa duk sun koma masu 'yar kibiya a gindi, ko ya ga wayam alhali ana nuna masa a cike yake. Yawanci kayan na nan, ɓoye su aka yi, aka ajiye tarko a madadinsu. Kada ka latsa mai kibiyar, latsawar ce ke sakin cutar. Ka danna filashin da maɓallin dama na linzami, ka sa mai gadin kwamfuta, Microsoft Defender, ya bincike shi. Yana cikin Windows, ba sai ka saya ba. Bayan ya gama, duba harafin da aka ba filashin, a ce E ne. Buɗe Command Prompt, baƙar tagar rubuta umarni da ke cikin Windows, ka rubuta wannan daidai yadda yake:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Ka danna Enter ka jira. Foldojin gaskiya za su bayyana. Kwashe su zuwa kwamfuta, ka wanke filashin da Format, sannan ka mayar. Na ga babban mutum da furfura ya yi hamdala da ƙarfi a shagona saboda wannan layi ɗaya, takardun fanshonsa ne a ciki. Ka kuma sa kwamfutar ta riƙa nuna wutsiyar kowane fayil, a File Explorer ƙarƙashin View akwai File name extensions. Takardar da ta ce ita wasiƙa ce amma ta ƙare da exe ko vbs, ba wasiƙa ba ce, manhaja ce da za ta iya zama cuta.

Mai gadi ɗaya ya isa. Masu ɗora biyu ko uku suna ganin sun ƙara tsaro, nauyi kawai suka ƙara, don junansu za su yi ta bincike. Haka manhajojin da ke alkawarin wanke kwamfuta su sa ta gudu, ba na sa ko ɗaya. In tana jan ƙafa wajen tashi, danna Ctrl da Shift da Esc, ka shiga Startup, ka kashe duk abin da ba ka buƙatar ya tashi tare da ita.

Yanzu ma na rage karɓar filashi, tun da na samu LocalSend. Ana sa ta a waya a kuma sa ta a kwamfuta, in duk suna kan Wi-Fi ɗaya, ko da na wayarka ne ka kunna, sai su ga juna, ka tura hoto ko takarda kai tsaye. Ba ta bi ta intanet, don haka ba ta cin data, kuma hoton yana zuwa da kyansa, ba a matse shi ba.

Wadda na fi ƙauna duk cikinsu sunanta Everything. 'Yar mitsitsiya ce, ba ta kai megabait 5 ba. A kwamfutar shagona akwai takardun mutane na shekaru, kuma ba a mako sai wani ya zo ya ce, "Malam, takardar nan da ka buga mini bara waccan, ta filin Gwadangaji." Da can sai in shiga lalube kamar masunci a kogin Matan Fada ranar gasar kamun kifi ta Argungu, hannu cikin ruwa ana fatan sa'a. Yanzu ina buɗe ta in rubuta fili gwadangaji, kafin in ɗaga yatsa ta jero su. In ka rubuta ext:pdf za ta kawo PDF kaɗai. In ka rubuta dm:today za ta kawo abin da aka taɓa yau, wanda ke ceton mai cewa na adana amma ban san inda ya shiga ba. Sai dai sunan fayil take bi. In ka saba barin takardunka da Document1 da New folder, ba ta da abin da za ta yi maka. Ni tsarina shekara da wata da rana a gaba, sai sunan mai aiki, sai irin aikin, misali 2025-03-14 makaranta jarrabawa aji4. Ba na sa haruffa masu lanƙwasa a sunan fayil, don kada ranar nema in manta da wanne na rubuta.

Na PDF guda uku ne. SumatraPDF don karantawa, tana buɗewa nan take ko a kwamfutar da ta tsufa. PDF24 Creator don haɗa takardu da yawa su zama ɗaya, ko ciro shafi, ko matse fayil ya rage nauyi. Wani kamfanin Jamus ne ke yin ta, tana da nauyin saukewa, amma in ta shiga ba ta sake neman intanet. Wannan ya fi ka ɗora takardar haihuwar mutum da sakamakon jarrabawarsa a wani shafin da ba ka san mai shi ba don a matse maka. Ta uku NAPS2, don sikana. Shafi goma za ka ɗauka a jere, ka gyara wanda ya karkace, ka fitar da su PDF ɗaya. In bugawa za a yi, sa 300 a wurin dpi, wato ma'aunin kaifin hoton. In fom za a cika a intanet, 150 ya isa, kuma a zaɓi ruwan toka maimakon launi, nauyin zai faɗi ƙwarai. Hoton fasfo da aka ce kada ya wuce kaza, Paint da ke cikin Windows ta isa. Buɗe hoton, latsa Resize, zaɓi Pixels, rage faɗin, ka adana da JPEG, ka duba nauyin, in bai kai ba ka ƙara ragewa. A kan kwafi ake wannan, a bar na asali.

7-Zip, wadda wani ɗan Rasha, Igor Pavlov, ya fitar a 1999, ita ke buɗe ƙunshin zip da rar, tana kuma ɗaure folda da kalmar sirri. Kada ka sa ran za ta rage nauyin hoto ko bidiyo, waɗannan a matse suke tun asali. VLC kuwa, wadda ta faro daga aikin ɗalibai a Faransa, kowa ya san ta da kallo, amma ni aiki nake da ita. In aka kawo mini wa'azi ko hira a ce in mai da ita rubutu, ina rage saurin maganar da maɓallin [ in ƙara da ], Shift da kibiyar hagu kuma na mai da ni baya daƙiƙa uku. Akwai kuma biyu da ba sai an sauke ba. Maɓallin Windows da Shift da S na yanko hoton wani ɓangare na allo. Windows da V na nuna abubuwa har 25 da ka kwafa a baya, in ka kunna shi karon farko. Mai shago ya riƙa goge wannan, don lambobin mutane na taruwa a ciki.

Surukina ya ce shi ba ruwansa da Calc, ba ɗan kasuwa ba ne. Na ce sakamakon yara fa, da hannu za ka ci gaba da tarawa? Sai na nuna masa irin wanda na yi wa wata Hajiya mai sayar da shinkafa, wadda ke ba da kaya bashi zuwa Jega da Kalgo da Bunza. Layin A garin mai karɓa, B yawan buhu, C kuɗin buhu ɗaya, a D ka rubuta =B2*C2, E abin da aka biya, a F kuma =D2-E2. Ka kama ƙusurwar akwatin ka ja ƙasa, lissafin zai bi sauran layukan. Da ta ce, "Ɗana, nawa nike bin mutanen Jega?" sai na rubuta =SUMIF(A:A;"Jega";F:F), amsar ta fito kafin ta gyara mayafi. A Excel waƙafi ake sawa a wurin waƙafi mai ɗigon nan. Tarko ɗaya da ke kama kowa shi ne lambar waya da lambar asusun banki. Ka rubuta lamba mai farawa da sifili, manhajar ta hadiye sifilin, lamba 11 ta koma 10. Kafin ka fara, mai da layin ya zama Text a Format Cells, ko ka sa waƙafin sama kafin lambar.

Ajiya ta biyu ita ce abin da kowa ke cewa gobe. Duk aikina a folda ɗaya yake, C:\Aiki. Ina da faifan waje da nake jonawa ran Alhamis kafin in rufe. Na rubuta layi ɗaya a Notepad, na adana shi da suna ajiya.bat a fuskar kwamfuta:

robocopy C:\Aiki E:\Ajiya /E

Latsawa biyu, sai ya kwafe sababbi da waɗanda aka canza zuwa faifan wajen, wanda harafinsa E ne a nan, ya tsallake sauran. In wani ya ce ka ƙara /MIR, ka sani wannan na goge duk abin da babu shi a foldar asali, har wanda ka goge bisa kuskure. Faifan kuma gida nake tafiya da shi, don ɓarawo ko gobara ba sa zaɓe. In an riga an goge abu babu ajiya, a daina sa komai a wannan faifai ko katin, a gwada PhotoRec. Takan dawo da abubuwa da dama, sai dai ba da sunayensu ba, sai ka bi ɗaya-ɗaya kana buɗewa. Kalmomin sirri kuma KeePassXC ke riƙe mini su a fayil ɗaya mai kulle, a kan kwamfutata. Babbar kalmar da ke buɗe shi ita ce ba a mantawa, don babu wanda zai dawo maka da ita.

Da yake da wayarsa zai riƙa ba kwamfutar intanet, na shiga Settings, Network & internet, na buɗe bayanin Wi-Fi ɗin wayar, na kunna Metered connection. Wannan na sa Windows ta rage saukar da manyan sabuntawa a ɓoye. Na ce masa sau ɗaya a wata, in ya samu data mai yawa, ya kashe shi ya bar ta ta sabunta, don gyaran tsaro a ciki yake. Kowace manhaja daga shafin masu ita na sauke ta, na kuma zuba masa fayilolin girkawar a filashi sabo, na ce wannan kada ya shiga kwamfutar kowa.

La'asar sakaliya muka mai da ita cikin buhun, na soka masa takardar lambobin haruffa a aljihu. Ran Juma'a da dare sai ga kiransa. "Yaya, ƙ ɗin nan ta ƙi fitowa, tun ɗazu nake fama." Na ce wane Alt yake dannawa. Ya yi shiru, sannan ya ce na hagu.